KOFATON BABUR: ZAƁEN TAYA DOMIN KWALTA DA BURJI

Duk wanda ya san ƙasar Gwandu ya san babban titin nan da ya taso daga Sakkwato, ya ratsa Tambuwal, ya biyo ta Aliero, ya iso Jega, sa'an nan ya miƙe kudu ta Maiyama da Koko har Yawuri. A Jega kuma wani reshe ya rabu, ya nufi Birnin Kebbi ta Kalgo. Tun ƙarni na 19 Jega mahaɗar fatake ce, ayarin goro na Gwanja ya san ta, yau kuwa manyan motoci ne ke yin abin da jakuna su ka yi a da. Amma fa titin nan tamkar igiya guda ce da aka shimfiɗa a tsakiyar fili. Jama'a da yawa ba a bakinsa su ke zaune ba. Makarantu da ɗakunan shan magani da gonakin albasa da fadamun shinkafa suna can ciki, inda kwalta ba ta kai ba.

Saboda haka malamin da aka tura wata makaranta a yankin Sabiyal, ko Kimba, ko Mungadi, da ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke kai takarda ƙauye, galibi hanya biyu su ke bi a tafiya guda. Su fara da kwalta, su ƙare da burji ko rairayi ko laka, da yamma su juyo. Babur ɗaya ne, tayoyinsa biyu ne, ba kuwa wanda zai tsaya a mararraba ya canja su. To, wace irin taya ce za ta yi wa mutum wannan aiki biyu? Abin da mu ke so mu tattauna ke nan, gama mun lura mutane kan daɗe suna shawara kafin su sayi babur, amma taya sai a aiki yaro kasuwa a ce ya sayo mai sauƙin kuɗi.

DAGA DOKI ZUWA BABUR

A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, malamin da za shi rangadi doki ya kan hau, daga baya keke ya yawaita. Mai doki kuwa ba ya ɗaura sirdi sai ya ɗaga ƙafar dabbarsa ya duba kofato, domin ya san kome kyan doki, in kofato ya tsage tafiya ta ƙare. Taya ita ce kofaton babur. Inji na iya zama sabo, birki na iya zama mai ci, amma duk ƙarfinsu ta wuri guda ya ke isa ƙasa, watau ɗan gurbin nan da taya ke taɓa hanya, wanda a ƙaramin babur bai fi tafin hannun yaro ba. Tafiya da tsayawa da shan kwana duk a kan wannan ɗan gurbi su ka dogara.

Tayar iska ba wata tsohuwar aba ce ba. A 1888 ne wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop, mazaunin Belfas ta ƙasar Ailan, ya naɗa robar da aka hura wa iska a ƙafafun keken ɗansa, daga nan sana'ar ta bunƙasa. Mu ma a nan Nijeriya an yi masana'antun taya, na Dunlop a Ikeja, na Michelin a Fatakwal, amma Michelin ya rufe a 2007, Dunlop ya daina ƙira a 2008. Yawancin tayoyin babur da ke rataye a kasuwanninmu yanzu daga ƙasashen Asiya su ke zuwa, masu kyau da marasa kyau a haɗe, wani lokaci a rumfa guda. Tun da haka ne, tilas mai saye ya zama shi ne alƙalin kansa.

ABIN DA KOWACE HANYA KE SO

Kwalta abu ce mai tauri, ba ta nitsewa. Yadda taya ke kama ta shi ne roba ta lafe a kan 'yan ƙananan tsakuwoyin da ke fuskar titi. Don haka gwargwadon yawan robar da ta taɓa titi, gwargwadon kamun. Shi ya sa tayar kwalta ta ke da fuska kusan sumul, bayanta a lanƙwashe kamar ƙwarya domin shan kwana, da 'yan siraran zane. Aikin zanen nan shi ne kore ruwa in an yi sama, don kada ruwa ya shiga tsakanin roba da titi.

Burji da rairayi da laka kuwa ba haka su ke ba. Fuskarsu motsi ta ke yi. In roba ta lafe a kan tsakuwar burji, tsakuwar ce za ta gangara da ita, kamar wanda ya taka gero a kan daɓe. A nan abin da a ke bukata shi ne haƙora, watau tudun roba masu kauri da za su nitse cikin ƙasa su sami abin tokarawa, da tazara mai faɗi tsakaninsu domin laka ta riƙa faɗuwa sa'ad da taya ke juyawa. Tayar kwalta in ta shiga lakar fadama, kafin a yi taku goma zanenta ya cike, ta koma kamar sabulu.

Sai wani ya ce, ai sai a sayi mai manyan haƙora a huta. A'a, ba a huta ba. In an hau kwalta da ita, ƙoƙon haƙoran kaɗai ke taɓa titi, robar da ke kamu ta ragu. Haƙoran kuma kan lanƙwashe in an taka birki ko an sha kwana, sai a ji babur yana rawa. Suna ɗaukar zafi, suna cinyewa da wuri, suna ƙara, kuma nisan da babur zai yi kafin ya tsaya ya kan ƙaru, balle in titi ya jiƙe. Wanda zai bi titin Jega zuwa Maiyama tsakanin manyan motoci da irin wannan taya, lalle ya rage gudu.

Haka kuma ita kanta robar iri biyu ce. Mai taushi ta fi kamu, amma ba ta daɗewa. Mai tauri ta fi daɗewa, amma ta fi santsi. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Duk tayar da aka ce ta kwalta da burji ce, sulhu aka yi, an rage wani abu a nan domin a sami wani abu a can. Mai hankali shi ne wanda ya san abin da ya bayar da abin da ya karɓa.

DARASIN MASU TSEREN HAMADA

Wannan matsala ba mu kaɗai ta dama ba. A ranar 26 ga Disamba 1978 aka tashi wani tsere daga birnin Faris na Faransa, aka ratsa Aljeriya, aka biyo ta Agadas da Yamai a maƙwabciyarmu Nijar, aka ƙare a Dakar a Janairun 1979. Wani Bafaranshe mai suna Cyril Neveu ne ya ci, a kan babur ƙirar Yamaha. Tseren ya bar Afirka, ya koma Kudancin Amurka a 2009, sa'an nan Saudiyya tun 2020, amma ya haifar da wani jinsin babura da a ke ƙerawa musamman domin doguwar tafiya a kwalta da daji. BMW na Jamus ya fitar da nasa a 1980, Yamaha ya fitar da wanda ya raɗa wa sunan hamadar Tenere ta Nijar a 1983, Honda kuma ya fitar da Africa Twin a 1988.

Abu biyu za mu ɗauka daga wurinsu. Na farko, yawancin irin waɗannan babura ƙafar gaba babba ce, inci 21 ko 19, siririya kuma, domin babbar ƙafa ta fi haye rami da gargada, siririya ta fi tsaga rairayi ta riƙe hanya. Baburanmu na yau da kullum, irin su Boxer na kamfanin Bajaj da TVS da Jincheng da Haojue, ƙafafunsu inci 17 ne ko 18, don haka kada mu ɗora musu abin da ba a ƙera su dominsa ba.

Na biyu, masu ƙera tayoyin waɗannan babura sun ɓullo da wata hanyar bayani mai amfani. Su kan ce wannan taya 90 da 10 ce, watau kashi 90 cikin 100 na aikinta a kwalta, kashi 10 a ƙasa. Wata 70 da 30, wata 50 da 50. Wannan ba awon hukuma ba ne, kowane kamfani da irin nasa ƙiyasi, kuma ba lalle a ga lambar a jikin tayar da ke kasuwar Jega ba. Amma tunanin da ke ciki daidai ne: a fara sanin hanya, sa'an nan a nemi taya. Ido ma na iya rarrabewa. Mai siraran zane da fuska sumul ta kwalta ce. Mai faffaɗan tudu da ke kusa da juna a tsakiya, da ramuka masu zurfi a gefe, ta tsaka-tsaki ce. Mai haƙora tsaitsaye a warwatse ta daji ce.

A AUNA HANYA

Ga wani lissafi da kowane malami zai iya yi a bayan littafin rajista. A ƙaddara malam yana zaune a Jega, makarantarsa na da nisan kilomita 20, daga ciki 14 kwalta, 6 burji da rairayi. In an bi tsawon hanya, kashi 70 kwalta ne, 30 ƙasa. Amma a duba lokaci. In yana tafiyar kilomita 50 a awa a kan titi, zai ci kilomita 14 cikin minti 17. In ya sauka ƙasa ya koma kilomita 20 a awa, sauran 6 ɗin za su ci masa minti 18. Ashe rabin zamansa a kan babur a ƙasa ya ke yi. Wanda ya ce ai yawancin hanyata kwalta ce, ya sayi tayar kwalta zalla, ya yi lissafi da rabin gaskiya.

Bayan tsawo da lokaci, sai a tambayi kai abu na uku: ina ne wurin da ya fi muni, kuma kwana nawa a shekara ya ke da munin? Ƙasarmu launi uku gare ta. Da rani, daga hunturu har bazara, burji kan bushe ya yi gargada, tsakuwa ta tashi, rairayi ya taru a kwari da mashigin gari inda shanu ke bi. Da farkon damina, ruwan fari kan taso da man inji da ƙurar da su ka kwanta a kwalta wata da watanni, titi ya yi santsin da ba a gani da ido. Daga Yuli zuwa Satumba kuwa ƙasar fadama, irin ta bakin Gulbin Zamfara da ya bi ta Jega, kan zama laka mai danƙo. In hanyar mutum ta ratsa irin wannan wuri, ko da tsawonsa bai kai kilomita guda ba, shi ne zai yanke hukuncin ko malam zai isa aji ko ba zai isa ba.

Shawararmu ita ce wannan. Wanda aikinsa ke cikin gari da kan babban titi, ba ya sauka ƙasa sai jefi-jefi, ya sayi tayar kwalta mai zurfin zane. Wanda ke raba tafiyarsa kullum kamar malamin misalinmu, ya nemi ta tsaka-tsaki, mai tudu a haɗe a tsakiya domin titi, da ramuka a gefe domin ƙasa. Wanda ke zaune a ƙauye, ba ya hawan kwalta sai ranar kasuwa ko ranar da aka kira shi ofis, shi ne mai haƙora ta dace da shi, da sharaɗin ya san ranar da ya hau titi baƙo ne, ya yi tafiyar baƙo.

Kada kuma a manta da tayar gaba. Mutane sun fi kula da ta baya, domin ita ke saurin cinyewa. Amma ta gaba ita ke riƙe da akala, kuma a kan kwalta ita ke ɗaukar mafi yawan aikin birki. In ta baya ta zame, gwani kan iya gyara zama ya tsira. In ta gaba ta zame, sai dai a tsinci kai a ƙasa. Ya fi kyau gaba da baya su zama jinsi guda, kada a sa mai haƙora a baya, suɗaɗɗiya a gaba.

RUBUTUN DA KE JIKIN TAYA

Mu da mu ke koya wa yara karatu, bai kamata a sayar mana da abu mai rubutu a jiki ba mu karanta ba. Kowace taya ta kirki tana ɗauke da bayaninta a gefe.

Da farko akwai girma. In an ga 3.00-17, ma'anarsa faɗin taya inci 3, rim ɗin da za ta hau inci 17. In an ga irin 90/90-21, faɗi milimita 90 ne, tsayin gefenta kashi 90 cikin 100 na faɗin, rim inci 21. A tsaya a kan girman da masu babur su ka rubuta a littafinsa. Samari kan so su cusa taya mai faɗi domin ado, amma in ta fi ƙarfin rim sai ta tsuke, bayanta ya yi tsini, gurbin da ke taɓa ƙasa ya lalace, wani lokaci ma ta riƙa gugar sarƙa.

Na biyu akwai lamba da harafi a haɗe, kamar 48P. Lambar tana nufin nauyin da taya za ta iya ɗauka: 42 kilo 150 ne, 48 kilo 180, 52 kilo 200. Harafin kuwa iyakar gudu ne: J kilomita 100 a awa, L 120, P 150. A kan ga kuma 4PR ko 6PR ko 8PR, wanda ke nuna ƙarfin saƙar da ke cikin roba. Mai babbar lamba ta fi jure kaya da ƙaya da bakin dutse, ko da ya ke ta fi tauri a zama.

Na uku akwai TT ko TL. Ta farko ita ce mai bukatar tiyub, ta biyu marar tiyub. Marar tiyub tana da wata fa'ida babba a ƙasar da ke da ƙayar aduwa da bagaruwa: in ƙaya ta soke ta, iska a hankali ta ke fita, sau da yawa mutum ya kan kai gari. Mai tiyub kuwa tana iya sacewa farat ɗaya ana cikin gudu. Sai dai yawancin rim masu wayoyi ba su riƙe iska, tilas a sa musu tiyub ko da wace taya aka ɗaura. In an sayi sabuwar taya, a haɗa da sabon tiyub daidai girmanta, domin tsohon ya riga ya saki, zai naɗe a ciki ya tsage.

Na huɗu, wanda ya fi duka muhimmanci a kasuwa, shi ne ranar haihuwar taya. Tun shekarar 2000, a ƙarshen jerin rubutun da ya fara da DOT a kan sa lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Watau 2423 na nufin mako na 24 na 2023. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, ta bushe, ta yi tauri, ta tsattsage, rana kuwa tana gaggauta wannan. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗin jama'a game da tayoyin da su ka wuce shekara 4 da ƙira. Tayar da ta shekara biyu rataye a rana a bakin rumfa, ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba, ba sabuwa ba ce. A lanƙwasa gefenta da hannu, in an ga 'yan tsage kamar faso, a mayar wa mai ita.

Akwai kuma kibiya da ke nuna inda taya za ta fuskanta wajen juyawa. A tsaya a kan mai faci sa'ad da ya ke ɗaurawa, a tabbata bai juya ta ba.

KAYA DA ISKA

Babur a ƙasarmu jaki ne. Shi ke kai albasar Aliero bakin titi, shi ke ɗauko shinkafa daga fadama, 'yan kabu-kabu kuma su kan goya mutum biyu har da kaya. Malami ma ranar albashi ba ya komawa gida hannu sake. To, a sake ɗaukar alli. A ƙaddara babur kilo 110 ne, mai tuƙi 70, wanda aka goya 60, buhun shinkafa a kariya 50. Jimla 290. In kashi biyu cikin uku na wannan nauyi ya sauka a baya, tayar baya tana ɗauke da wajen kilo 193. In lambarta 48 ce, an wuce iyakarta da kilo 13 tun ba a faɗa rami ko ɗaya ba. Mai irin wannan ɗauka ya nemi mai lamba 52 ko sama, mai saƙa 6 ko 8.

Nauyin nan da aka rubuta kuwa ba ya tabbata sai da isasshiyar iska, gama iska ce ke ɗaukar kaya, roba jaka ce kawai. Yawancin ƙananan babura na bukatar wajen awo 25 a gaba, 28 zuwa 32 a baya, a ma'aunin psi da ke jikin gejin masu faci, amma abin da littafin babur ya faɗa shi ne hujja. Matsa taya da yatsa ba awo ba ne. A sayi ɗan geji a ajiye, a riƙa aunawa mako-mako da safe kafin a hau, domin in taya ta yi zafi iskar ciki kan kumbura, awon ya hau. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, kwalta kuwa ta fi haka nesa, wasu kan ji taya ta yi tauri a tsakiyar tafiya su rage mata iska. Wannan kuskure ne. Tayar da iskarta ta gaza ita ce ke lanƙwashewa a kowane juyi, ta ɗauki zafi fiye da kima, har saƙarta ta rabu da roba ta fashe.

Gaskiya ne rage iska kaɗan na taimako a rairayi mai zurfi, domin taya ta baje ta daina nitsewa. Masu tseren hamada suna yin haka. Amma su suna da abin da ke ɗaure taya a jikin rim, suna kuma da famfo a jaka. A baburanmu, in iska ta yi ƙasa ƙwarai, taya kan zame a kan rim ta ja tiyub har bawul ya tsinke, ko kuwa a daki dutse rim ya datse tiyub. Wanda ba shi da famfon da zai mayar da iska kafin ya hau titi, gara ya bar ta yadda ta ke, ya rage gudu tun kafin ya shiga rairayin, ya riƙe mai daidai, ya ɗan ja jiki baya, kada ya damƙi birkin gaba.

ARAHA BA TA ADO

Mun san albashi ba ya kai wata, mun kuma san abin da kuɗin mai ya zama tun da aka janye tallafi a 2023. Ba mu ce kowa ya sayi mafi tsada ba. Abin da mu ke cewa shi ne a yi lissafi da kilomita, kada a yi da abin da aka miƙa ranar saye. Malamin misalinmu yana cin kilomita 40 a yini, 200 a mako, wajen 8,000 a shekarar karatu. A ƙaddara, don misali kawai, wata taya naira 10,000 ce tana ƙarewa a kilomita 4,000, wata kuma naira 16,000 tana kai 8,000. Ta farko sau biyu za a saye ta a shekara, an kashe 20,000 ke nan, ban da kuɗin ɗauri da na faci. Wadda aka ce mai tsada ita ce mai arahar. Hanyar sanin wace ce wace kuwa ita ce a rubuta ranar da aka ɗaura taya da abin da mita ta nuna, a kuma tambayi 'yan kabu-kabun da ke bin hanyar da mutum ke bi, domin su ke cinye taya fiye da kowa, sun san wadda ke jurewa.

Tsohuwar taya ta hannu kuwa, wadda aka wanke aka shafa wa baƙi, a guje ta. Dokar ƙasa ma ta hana shigo da irinta daga waje. Ba wanda ya san ramin da ta faɗa ko zafin da ta sha. Wasu kan sake tsaga zane da wuƙa a kan suɗaɗɗiyar taya don ta yi kama da mai rai, alhali sun ƙara rage ɗan naman da ya rage tsakanin titi da saƙa.

Yaushe za a canja? A cikin zanen taya akwai wasu 'yan tudu da aka ɓoye, gefensu da alamar TWI ko ɗan kusurwa uku. In fuskar taya ta cinye har ta yi daidai da su, kwananta ya ƙare. A Ingila doka ba ta yarda zurfin zanen tayar babban babur ya gaza milimita 1 ba. Wannan kuwa awon masu kwalta ne. Mai bin laka ya canja tun kafin nan. A kwantar da tsinken ashana cikin zanen tsakiya, in bai ɓuya ba, wannan taya ba ta damina ba ce. Lokacin da ya fi dacewa da canji shi ne watan Mayu, kafin ruwa ya kankama, domin a shiga laka da sababbin haƙora, a ƙarasa cinye su da rani. Sabuwar taya kuma tana da ɗan sulɓi a fuska, a lallaɓa ta wajen kilomita 150 na farko. Kada a ajiye babur a rana in akwai inuwa, kada kuma a bari fetur ko baƙin mai ya zauna a kan roba.

ABIN DA KE CIKIN MAGANAR

Wani zai ce wannan duk a kan roba? Ba a kan roba kaɗai ba ne. Makarantar ƙauye da yawa malamanta ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu guda ba. In ɗaya ya kasa ƙetare laka ya juya gida, aji guda ya yini ba darasi. In ya faɗi ya karye, zangon karatu guda ya tafi, iyalinsa kuma su shiga ɗawainiya. Aliero ta yi suna a ƙasar Hausa da maƙwabta wajen masu ɗori, ana kawo musu karaya daga nesa, amma kada gwanintarsu ta zama dalilin sakacinmu. Ƙashin da bai karye ba ya fi wanda aka ɗora da kyau. Hular kwano ma, wadda aka tilasta sa ta a Janairun 2009, tana aikinta ne bayan an riga an faɗi. Taya ce ke hana faɗuwar.

Muna roƙon shugabannin makarantu da manyan ma'aikata su sa wannan magana cikin abin da a ke tattaunawa ranar taro. Malaman da ke bin hanya guda su haɗa kuɗi su sayi geji da famfo guda, a ajiye a ofis. Malamin lissafi kuma ya sami darasi a ɓagas: ya kai yara gindin babur, su karanta lambobin, su fitar da shekarar taya da nauyin da za ta ɗauka, gama yawancinsu nan da 'yan shekaru su ma za su hau. Kafin a tafi kasuwa a auna hanya, a auna kaya, in an isa a karanta rubutu kafin a taya. Tafiya sannu sannu kwana nesa. Allah Ya kiyaye hanya, amin.